Ambaliya ta rufe wurin aikina, maigida ya ce in jira

Malam, barka da ƙoƙari. Shekarata 9 ina kula da injuna a wata ƙaramar masana'antar buhuna. Mako biyar da suka wuce ambaliyar ruwa ta ci unguwarmu, ta haɗa da masana'antar. Ruwa har ƙirji a ɗakin injuna. Gidan da nake haya ya rushe, yanzu ni da maiɗakina da yara huɗu muna zaune a makarantar da aka mayar sansani. An ba mu kayan agaji, mun gode Allah, amma albashi ya tsaya cak.

Mai masana'antar mutumin kirki ne, a hannunsa na koyi aiki. Ya ce in yi haƙuri har a gyara, amma bai sa rana ba. Ya kuma roƙe ni kada in je ofishin ƙwadago, wai zan jawo masa bincike. Shekaranjiya manajansa ya kawo mini takarda, ya ce in na sa hannu cewa ni na ajiye aiki da kaina za a ba ni ɗan abin da zan riƙe iyali. Ban sa ba tukuna.

An yi sanarwa cewa gwamnati za ta ɗauki mutane aikin wucin gadi na kwasar laka da yashe magudanai, kuma akwai tallafi ga waɗanda suka rasa aiki. Maiɗakina ta dage sai na je na ba da sunana. Ni kuwa kunya nake ji yaran da na koya wa aiki su gan ni da shebur. Yayana ya ce in bar komai in same shi inda yake, ya samo mini aikin gadi. Wani kuma a sansanin ya ce in ba shi kuɗi ya sa sunana a jerin. Katin aikina da takardun albashina duk ruwa ya tafi da su. Kaina ya ɗaure, ina neman shawara.

Wani magidanci

*

Ɗan'uwa, sannu da wannan jarrabawa. Allah ya mayar muku da alheri, ya ba yara lafiya. Mutumin da ya rasa muhalli da albashi a dare ɗaya, ga mutum huɗu kowa na jan sa gefensa, dole kansa ya ɗaure. Abin da ya faranta mini rai a wasiƙarka shi ne wannan "ban sa ba tukuna". Riƙe shi da kyau, domin a kansa sauran maganar za ta tsaya.

Kada ka sa hannu a takardar nan. Kusan duk tsarin da gwamnatoci ke tallafa wa wanda ya rasa aiki an gina shi a kan tambaya ɗaya: da son ransa ya bar aikin, ko wani abu ne ya raba shi da shi? Kai ruwa ne ya raba ka da naka. Ranar da ka rubuta cewa da kanka ka ajiye, a idon jami'in da zai duba fom ɗinka ka yanke igiyar da ta haɗa rashin aikinka da ambaliyar, kuma kana iya zubar da abin da doka ta ba ka idan an sallame ka, kamar kuɗin sanarwa da haƙƙin shekarun da ka yi. Shekara 9 ba wasa ba. Idan maigida yana son ya taimake ka da wani abu, karɓi, amma a rubuta a rasit cewa tallafi ne ko wani ɓangare na albashin da kake bi. Duk takardar da ta ce "wannan shi ne cikakken haƙƙina na ƙarshe" ko "ba ni da sauran buƙata a kan kamfani", ita ma ajiye aikin ce aka sauya mata riga. Kowace takarda aka miƙo maka, ɗauki hotonta da waya, ka nemi kwana biyu, ka nuna wa jami'in ƙungiyar ƙwadago ko lauyan da ke taimakon marasa ƙarfi.

Takardar da kake buƙata daga wurinsa dabam ce, kuma gajera ce. Ta ɗauki cikakken sunanka yadda yake a katin shaidarka, da irin aikin da kake yi, da ranar da ka fara, da albashinka na ƙarshe, da ranar da aiki ya tsaya, sannan a faɗi ƙarara cewa ambaliya ce ta tsayar da shi. A ƙasa sa hannu, hatimi in akwai, da lambar wayar da za a kira a tabbatar. Layi shida sun isa.

Ban ɗauki maigidan naka azzalumi ba. Shi ma dukiyarsa tana cikin laka, wataƙila da bashin banki a wuyansa, ga ma'aikata kowa na kallon sa. Tsoron binciken da ya ambata yakan taso ne idan mai kamfani bai yi wa ma'aikata rajista ba, ko kuma ana cire musu kuɗin fansho da inshora ba a zubawa. Ko da haka ne, ba abin da za a gyara da yunwar yaranka ba ne. Akwai kuma abin da mai yiwuwa bai sani ba: wani ɓangare na irin wannan tallafi ta hannun masu kamfani yake bi, don su riƙe ma'aikatansu. Bayan girgizar ƙasar 6 ga Fabrairu 2023, gwamnatin Turkiyya ta hana korar ma'aikata a lardunan da aka sa wa dokar ta-ɓaci, ta kuma biya alawus ga waɗanda wurin aikinsu ya tsaya. A Japan, bayan girgizar ƙasa da igiyar ruwa ta 2011, an bai wa ma'aikatan da bala'in ya rufe wurin aikinsu damar karɓar kuɗin rashin aiki ko da ba a sallame su ba. Inda ake da irin wannan tsari, mai kamfanin da ya ɓoye ma'aikatansa kansa ya cuta.

Don haka je ka same shi da kanka, kada ka bi ta manaja. Ka gaishe shi, ka jajanta masa, sannan ka ce masa wani abu kamar haka: "Ranka ya daɗe, ban zo da ƙara ba, kuma ba zan kai ƙara ba. Sunana kawai zan ba da cikin waɗanda ruwa ya tsayar wa aiki, don in ciyar da yara kafin a buɗe. Takardar shaida nake roƙo. Ranar da aka tayar da inji, ni ne na farko a bakin ƙofa." Ba da suna don neman tallafi dabam, shigar da ƙorafi dabam, fom ɗinsu ma ba ɗaya ba ne. Ka kuma tambaye shi cikin ladabi abubuwa biyu da za su nuna maka ko jiran yana da ƙarshe: masana'antar tana da inshorar da ta haɗa da ambaliya? An kira wanda zai duba injunan? Idan amsar duka biyun a'a ce bayan mako biyar, to jiran gawon shanu ake so ka yi, ko da shi kansa bai nufi haka ba. Idan ya hana takardar, ka yi masa sallama lafiya ka wuce ofishin. Alherin da ya yi maka ya cancanci ladabi da gaskiya, bai kai ga ka bar haƙƙinka ya wuce ba.

Yanzu ga wurin da mutane da yawa ke yin asara ba su sani ba. Rajistar da aka yi muku a sansani ta agaji ce: matsuguni, magani, kayan masarufi. Yawanci hukumar agajin gaggawa ke riƙe da ita. Tallafin aiki kuwa a hannun ma'aikatar ƙwadago ko hukumar samar da aikin yi ko asusun inshorar ma'aikata yake, da nasa fom da nasa jerin. Sunanka a littafin sansani ba zai tashi da kansa ya koma can ba. Kuma tallafin aikin ma kala-kala ne. Akwai kuɗin da ake biya mako-mako ko wata-wata a madadin albashin da ya yanke. Akwai aikin wucin gadi irin wanda aka sanar. Akwai wanda ake ba mai kamfani don ya riƙe ma'aikata, akwai kuma horo da kayan sana'a da haɗa mutum da sabon wurin aiki. Idan ka je, kada ka ce "na zo neman taimako" ka tsaya nan. Tambayi kowanne da sunansa, domin jami'in da layi ya yi wa yawa abin da ka tambaya kawai zai amsa.

Abin da ya fi damuna a lamarinka shi ne lokaci. Irin waɗannan shirye-shirye suna da wa'adi, kuma agogon yakan fara ne daga ranar da aka ayyana yankin a matsayin wanda bala'i ya shafa ko ranar da aka yi sanarwa, ba daga ranar da labari ya iso maka ba. A Amurka, shirin da ke biyan waɗanda bala'i ya raba da aiki yana ba da kwana 60 a nema (kafin 2024 kwana 30 ne kacal), yana biya har zuwa mako 26, kuma bayan ka shigar da buƙata kana da kwana 21 ka kawo shaidar cewa kana aiki lokacin da abin ya faru. Wanda bai kawo ba a tsayar da kuɗin, a kuma nemi ya mayar da wanda ya karɓa. A Ostareliya alawus ɗin bai wuce mako 13 ba. Lissafin kowace ƙasa dabam, amma ɗabi'ar ɗaya ce: ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. Kai mako biyar sun riga sun tafi, kuma a bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Je ka gobe da safe, ko takarda ɗaya ba ka da ita. Tambayi ranar rufewa, ka tambayi ko za a karɓi fom ɗinka a ba ka kwanakin kawo shaida. Kada ka fito sai da lambar rajista ko ɗan rasit mai kwanan wata, kuma ka rubuta sunan jami'in da ya karɓa.

Takardun da ruwa ya ci suna da madadi fiye da yadda kake zato. Idan ta banki ake biyan ka, nemi bayanin asusunka na wata 6 zuwa 12; shigar kuɗi daga wuri ɗaya a ƙarshen kowane wata shaida ce mai ƙarfi. Saƙonnin shigar kuɗi da ke cikin wayarka ma ka ɗauki hotonsu. Idan ana cire maka fansho ko haraji, masu riƙe da asusun suna da sunan kamfanin da kwanakin zubi, kuma a nan ne za ka gane ko ana zubawa. Idan a hannu ake ba ka albashi, nemi abokan aiki biyu su rubuta shaida su sa hannu tare da lambobin wayarsu, ka haɗa da katin ƙungiya, da hotunanka a bakin inji, da saƙonnin WhatsApp da manaja ke turo maka na jadawalin aiki. Ka yi takardar rantsuwa ta ɓatan katinka a kotu ko rahoto a wurin 'yan sanda, gwargwadon wanda ofishin ke karɓa. Ka je masana'antar ka ɗauki hoton layin da ruwa ya bari a jikin bango, da allon sunan kamfanin a cikin hoton. Komai ka yi kwafi biyu, na asali ya zauna a hannunka cikin leda.

Ƙananan abubuwa ne ke riƙe kuɗin mutane wata da watanni. Suna a fom ya bambanta da na asusun banki da harafi ɗaya. An ba da asusun ɗan'uwa maimakon na mai nema. Layin wayar da aka rubuta ya ɓata a ruwa, saƙon kira zuwa tantancewa ya tafi a banza. Idan layinka ya ɓata, dawo da shi kafin komai. Idan kuma aka ƙi buƙatarka, nemi a ba ka dalili a rubuce, ka tambayi kwanakin ɗaukaka ƙara, domin ƙin farko sau da yawa takarda ɗaya ce ta rasa.

Mutumin da ya ce ka ba shi kuɗi ya sa sunanka, rabu da shi. Rajistar irin wannan shiri kyauta ce. Ko dai ba shi da hanya ya cinye kuɗinka, ko yana da ita ya sa ka cikin jerin da za a soke ranar tantancewa. Kada ka ba kowa lambar sirrin katinka ko lambar da banki ya turo maka ta waya, ko da ya zo da rigar hukuma.

Sai maganar shebur. Na fahimci kunyar, ba kuma zan ce maka ba komai ba ce. Mutumin da ake kira idan inji ya yi gardama, a ce yau yana layi da yaransa, akwai ɗaci. Amma ka duba su waye a layin: duk wanda zai gan ka, ruwan nan ya ci shi. Yaran naka abin da za su gani shi ne maigidansu bai zauna ba. Maiɗakinka kuma ba raina ka ta yi ba. Ita ke kallon abin da ya rage a hannu kullum, ita yara ke tambaya, lissafinta daidai ne.

Kuma ba lallai shebur ɗin za a ba ka ba. Aikin share gari bayan ambaliya yana buƙatar masu tayar da injin zuƙe ruwa, masu kula da janareta, shugabannin rukuni, masu riƙe rajistar halarta da masu ajiyar kaya, kuma a shirye-shirye da yawa ladan mai sana'a ya fi na lebura. Wurin da fom ya ce "sana'a", kada ka bar shi fayau, kada kuma ka rubuta "kowane aiki". Rubuta: mai kula da injuna, shekara 9, na iya injin ruwa da janareta da wayar lantarki, in dai ka iya su. Ka faɗa wa mai ɗaukar sunan da bakinka ma.

Kafin ka fara, san sharuɗɗan. Kwana nawa ne aikin, awa nawa a rana, yaushe ake biya kuma ta wace hanya? Wa ke riƙe da takardar halarta? Ka riƙa sa hannu kullum, ka kuma ajiye naka lissafin a ɗan littafi, domin rigimar biyan kuɗi kusan kullum daga kwanakin da ba a rubuta ba take tasowa. Wa zai ɗauki nauyin magani idan an ji rauni? A Filifin, ƙasar da guguwa ke yawan aukawa, shirin TUPAD na ma'aikatar ƙwadago yana ba da aikin da ke farawa daga kwana 10, a biya mafi ƙarancin albashin yankin, tare da inshorar haɗari da kayan kariya. Wannan ma'auni ne mai kyau na abin da ya kamata ka tambaya. Ladan irin wannan aiki da gangan ake ajiye shi ƙasa-ƙasa, don kada ya janye mutane daga ayyukansu na dindindin, saboda haka ka ɗauke shi abin riƙon ƙwarya na 'yan makonni. Tambaya mafi muhimmanci: idan na karɓi aikin nan, zai rage ko ya soke alawus ɗin rashin aiki? A wasu wuraren yana ragewa. Ka sani tun farko, ka zaɓi wanda ya fi, kuma duk abin da ka samu ka bayyana shi a fom. Ɓoyewa ce ke jawo a ce mutum ya dawo da kuɗi.

Lakar ambaliya ba lakar gona ba ce, ta gauraye da ruwan masai da mai da fasassun kwalabe da ƙusoshi. Kada ka shiga sai da takalmin roba mai tsawo da safar hannu mai kauri. Idan ka shekara 10 ba a yi maka allurar tetanos ba, ko ba ka tuna ba, je wurin ma'aikatan lafiyar sansanin. Duk yanka ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta nan take, ka rufe. Zazzaɓi da ciwon ƙwauri da jan ido bayan aiki a ruwa na iya zama cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓera, a gaya wa likita cewa ka yi aiki cikin ruwan ambaliya.

Akwai wata ƙofa da ban ga ka ambata ba, alhali ta fi kowacce dacewa da kai. Duk injin lantarki da janareta da injin ruwan da suka kwana cikin ambaliya suna jiran mai gyara. Ka fi ni sanin cewa wanda ya kunna su a jiƙe ya ƙona kwayil: sai an kwance, an wanke laka, an busar sosai, an sauya mai da giris da boris, an auna kafin a ba su wuta. Masu shaguna da ƙananan masana'antu da yawa ba su san haka ba. Idan shirin gwamnatin yana da ɓangaren kayan sana'a, nemi akwatin sifanu da mitar awon wuta. Kana iya ma yi wa maigidanka tayin ka jagoranci kwance injunansa da busar da su a kan ladan yini, a rubuce. Kowane mako da suka ƙara cikin danshi, tsatsa na ƙara cin su, shi ma ya san haka.

Idan maiɗakinka tana da sana'ar da ruwan ya tsayar, ɗinki ko saye da sayarwa, ta je ta ba da nata sunan dabam. Wasu shirye-shiryen suna karɓar masu sana'ar kansu, na Amurka da na Ostareliya duk suna yi. Littafin bashinta, hoton kekenta, ko shaidar masu ba ta kaya na iya tsaya mata.

Yayanka ya yi abin da ɗan'uwa ke yi, ka gode masa da gaske, kada kuma ka rufe ƙofarsa. Amma kada ka tafi kafin ka shigar da buƙatarka. Tallafin bala'i a ɗaure yake da yankin da aka ayyana, wani lokaci kuma sai mutum ya riƙa bayyana ko yana sabunta bayanansa; wanda aka kira tantancewa ba ya nan, sunansa ke faɗuwa. Tambayi ofishin ko ana ci gaba da biya idan ka koma wani gari. Ka roƙi Yaya ya riƙe maka gadin na ɗan lokaci in zai yiwu, ya kuma leƙa masana'antun wajensu ko ana neman mai kula da inji, tunda da wannan ne za ka riƙe gida mai mutum shida. Kai da maiɗakinka ku zauna ku sa rana, a ce mako shida daga yau. Idan ranar ta zo ba a fara gyaran masana'anta ba, aikin wucin gadi ya ƙare, gyaran injuna bai kama ba, sai ka nemi maigida ya sallame ka a rubuce da haƙƙinka, ka tafi kai kaɗai tukuna, iyali su biyo bayan ka samu ɗaki.

Idan manajan ya dawo da takardarsa kafin ka ga maigida, karɓe ta da hannu biyu, ka ɗauki hotonta, ka mayar masa, ka ce za ka zo ka gana da maigida da kanka. Gobe kuwa, kafin rana ta ɗaga, ka kasance a bakin ofishin ƙwadago da wayarka cike da caji da biro a aljihu.